Wa ke yanke hukunci kan asali: jini, takarda ko na'ura?

A watan Maris na 2025 kamfanin 23andMe na Amurka, wanda mutane kusan miliyan 15 suka aika wa yawunsu a cikin 'yar kwalba domin ya gaya musu inda kakanninsu suka fito, ya shigar da takardar karyewar jari a gaban kotu, kuma nan take aka shiga tambayar hannun da bayanan ƙwayoyin halittar waɗannan mutane za su faɗa. A ƙarƙashin wannan gardama akwai wata fahimta da ta zauna a zukatan mutane da yawa, wato cewa na'ura tana karanta jini ta faɗi gaskiyar da bakin tsofaffi da takardun iyali suka kasa faɗa, kuma da zarar fasaha ta iso babu abin da ya rage wa ɗan Adam sai bi. Shin haka lamarin yake, ko kuwa mutane ne ke tsara tambayar da na'urar za ta amsa tun kafin a kunna ta? Amsar ta fi fitowa fili idan aka jera wasu littattafai da ba kasafai ake ajiye su a kanta ɗaya ba: na tarihin iyali, na nasabar dawaki, da na tarihin ƙere-ƙere.

Kalmomi uku da ake cakuɗawa

Nasaba ita ce jerin sunayen da ke haɗa mutum da waɗanda suka haife shi, wane ɗan wane, a baki ko a rubuce. Gadon halitta kuwa shi ne abin da jiki ya karɓa daga uwa da uba, rabi daga kowannensu, wanda gwajin DNA ke aunawa. Asali ya fi su duka faɗi, domin ya haɗa da harshe da tarbiyya da mutanen da suka karɓi mutum a matsayin nasu. Ukun nan sukan tafi tare, shi ya sa ake ɗaukarsu abu guda, amma lissafi kaɗan ya isa ya raba su. Kowa yana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8, kuma idan aka koma baya zuriya 10 gurabe sun kai 1,024, a zuriya ta 30 kuma sun haura biliyan ɗaya, adadin da ya fi yawan mutanen duniya na wancan zamani nesa ba kusa ba. Ma'anar wannan ita ce sunaye ɗaya ne ke maimaituwa a gurabe masu yawa, kuma duk wata salsala da ta bi layin uba kaɗai zare guda ta zaro daga cikin dubu, sauran ta bar su a duhu.

Malamin da ya rubuta nasabar mutane da ta dawaki

Haɗa nasabar mutum da ta doki tsohon abu ne. Hisham ibn al-Kalbi, malamin Kufa da ya rasu wajen shekarar 819, shi ne ya tattara babban kundin nasabar ƙabilun Larabawa mai suna Jamharat al-Nasab, kuma shi ɗin dai ya rubuta littafi kan nasabar dawakinsu, inda ya kai salsalar dawakin Larabawa ga wani ingarma da ake kira Zad al-Rakib, wanda ruwaya ta ce Annabi Sulaiman ne ya ba mutanen ƙabilar Azd. Salon littattafan biyu ɗaya ne: a sami tushe mai daraja, a jero waɗanda suka fito daga gare shi, a bar wanda bai shiga jerin ba ya nemi abin kare kansa. Bayan ƙarnoni biyar da rabi, Ibn Khaldun ya yi wa lamarin kallon mai nazarin al'umma a cikin Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, ya nuna cewa amfanin nasaba shi ne zumunci da haɗin kan da take haifarwa, kuma mutum yakan shiga wata ƙabila ya zauna har a manta da tushensa na farko, a riƙa lissafa shi cikin 'ya'yanta.

Littafin da ya haifi jinsin doki

Babu inda ikon takarda a kan jini ya fito ƙarara kamar a dawakin sukuwa na Ingila da ake kira Thoroughbred. A 1791 James Weatherby ya fara wallafa kundin nasabar dawaki mai suna General Stud Book, shekaru 46 kafin gwamnatin Ingila ta fara yi wa haihuwar mutane rajista a 1837, kuma har yau zuriyar gidansa ce ke riƙe da kundin. Abin lura shi ne ma'anar jinsin kanta ta dogara ga littafin, domin doki ba ya zama Thoroughbred saboda launinsa ko tsayinsa ko saurinsa, sai idan uwarsa da ubansa suna cikin wannan kundi ko wani da masu shi suka amince da shi. Dokin da ya fi kowa gudu a duniya, in iyayensa ba sa ciki, a waje zai tsaya.

Labarin da aka fi yayatawa shi ne cewa jinsin ya samo asali daga ingarmu uku da aka kawo daga Gabas: Byerley Turk a shekarun 1680, Darley Arabian da aka ɗauko daga Halab ta Siriya a 1704, da Godolphin Arabian wajen 1729. Wani binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2001 daga Kwalejin Trinity ta Dublin ya nuna cewa kusan kashi 95 cikin 100 na dawakin jinsin suna komawa ga Darley Arabian ta layin uba, akasari ta hanyar shahararren dokin nan Eclipse da aka haifa a 1764, wanda ba a taɓa tsere masa ba a sukuwa 18 da ya shiga. Amma ingarma ba ya haihuwa shi kaɗai. Goɗiyoyin da aka kai wa waɗannan ingarmu da yawansu ko suna ba a ba su a kundin ba, sai dai a ce 'yar wane, kuma binciken da aka yi daga baya kan gadon da ke bin layin uwa ya nuna cewa kaso mai tsoka daga cikinsu dawakin gida ne na Biritaniya da Ireland, ya kuma gano wuraren da abin da ke rubuce ya saɓa wa abin da ke cikin jini. Larabawan sahara, waɗanda daga wajensu aka aro darajar, ta goɗiya suke lissafa nasabar doki. Jini ɗaya ne, al'ummu biyu suka zaɓi ɓangaren da za su riƙa tunawa.

A 1913 hukumomin sukuwar Ingila suka kafa ƙa'idar da aka sani da Dokar Jersey, wadda ta hana shigar da duk dokin da ba za a iya kai kowane reshe na salsalarsa ga dawakin da ke cikin kundin ba. Hujjar da aka bayar ita ce tsarkin jini, amma lokacin da aka yi dokar ya tona asirinta, domin a shekarun ne dokokin hana caca suka rufe filayen sukuwa a wasu jihohin Amurka, har da New York, dawakin Amurka kuma suka fara kwarara zuwa kasuwar Turai. Da yawansu jikokin Lexington ne, ingarman da aka haifa a 1850 wanda ake shakkar wani reshe na salsalarsa, don haka aka mayar da su masu rabin jini da alƙalami. An soke dokar a 1949, bayan dawakin da ta kira gurɓatattu, musamman waɗanda aka kiwata a Faransa, sun yi ta lashe manyan gasannin Ingila. Babu ko ɗigon jini da ya sauya a jikin waɗannan dabbobi tsakanin 1913 da 1949.

Haka ma batun fasahar kiwo. Ɗura wa dabba maniyyi da bututu ya zama ruwan dare a kiwon shanu tun tsakiyar ƙarni na 20, amma kundin Thoroughbred ba ya karɓar ɗan dukushin da ba ta barbara aka same shi ba, kuma da aka ƙalubalanci wannan ƙa'ida a kotun tarayya ta Ostireliya, hukuncin 2012 ya bar ta a yadda take. Masu kare ƙa'idar suna cewa tana hana ingarma ɗaya ya mamaye jinsin har jini ya ƙuntace, masu suka kuma suna cewa kuɗin barbara take karewa, kuma ga alama kowanne ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya. A gefe guda, an samar da kwafin doki na farko daga ƙwayar jikin wata goɗiya a Italiya a 2003, kuma masu wasan ƙwallon dawaki na Ajantina suka rungumi dabarar hannu bibbiyu, har Adolfo Cambiaso ya hau kwafi shida na goɗiyarsa Cuartetera a babbar gasar ƙasar ta 2016.

Sunan doki a rubuce, na bawa babu

A Amurka an fara fitar da kundin nasabar dawaki a ƙarshen shekarun 1860, yana bin sunan kowane ingarma da goɗiya zuwa ƙarnin da ya gabata. A ƙasar dai, ƙidayar 1850 da ta 1860 sun lissafa bayi a ƙarƙashin sunan mai su, da shekaru da jinsi da launin fata, ba tare da sunayensu ba, kuma sai a ƙidayar 1870 akasarin baƙaƙen fata suka fara bayyana da sunansu a takardar gwamnatin tarayya. Wannan shi ne katangar da jikokinsu ke cin karo da ita duk lokacin da suka tashi neman tushe. Yawancin masu kula da waɗannan dawaki masu nasaba bayi ne ko 'yantattu, har ma mahaya 13 daga cikin 15 da suka yi gasar sukuwar Kentucky Derby ta farko a 1875 baƙaƙen fata ne, ciki har da Oliver Lewis da ya lashe ta. Marubuciya Geraldine Brooks ta gina ƙagaggen labarinta mai suna Horse, na 2022, a kan wannan giɓi, inda Lexington ke da cikakken tarihi a rubuce, bawan da ke kula da shi kuwa sai da ta ƙago masa rayuwa.

Daga wannan giɓi littafin Roots na Alex Haley ya sami ƙarfinsa a 1976, da ya bi salsalar iyalinsa zuwa wani matashi, Kunta Kinte, daga ƙauyen Juffure na Gambiya. Daga baya masana nasaba sun nuna cewa takardun da ake da su ba su dace da wasu sassan labarin ba, kuma a 1978 Haley ya sasanta a wajen kotu da Harold Courlander, wanda ya zarge shi da ɗebo wasu sassa daga littafinsa. Duk da haka littafin da fim ɗin talabijin da aka yi daga gare shi a 1977 sun tura ɗimbin mutane zuwa ɗakunan adana takardu, kuma wannan ƙishirwa ce kamfanonin gwajin yawu suka tarar a ƙasa bayan shekaru 30, suka gina kasuwarsu a kanta.

Tunanin kiwon dawaki ya taɓa tsallakawa zuwa kan mutane, kuma bai yi kyau ba. Francis Galton, wanda ya wallafa littafinsa kan gadon basira a 1869, ya yi kira da a inganta zuriyar ɗan Adam kamar yadda ake inganta ta dabbobi, kuma dokokin da suka biyo bayan wannan ra'ayi sun sa an hana mutane sama da 60,000 haihuwa da ƙarfin hukuma a Amurka a ƙarni na 20.

Gardamar likkafa

Masu ganin fasaha ce ke jan ragamar tarihi suna da misalin da suka fi so, kuma daga jikin sirdi ya fito. A 1962 masanin tarihi Lynn White ya wallafa littafi kan ƙere-ƙeren Turai na tsakiyar zamani, inda ya ce likkafa ce ta ba mahayi damar kafa ƙafa ya soki abokin gaba da mashi da dukkan nauyinsa da na dokinsa, wannan ya sa barde mai sulke ya zama ƙashin bayan runduna, kuma tun da ɗaukar nauyin barde yana da tsada, sai Charles Martel na Faransawan farko ya ƙwace filayen coci a ƙarni na 8 ya raba wa mayaƙa, daga nan aka sami tsarin da sarki ke ba da ƙasa a biya shi da yaƙi. Bayani ne mai daɗin ji, ƙarfe ɗan ƙarami ya haifi tsarin mulkin nahiya guda.

Masu suka ba su ɓata lokaci ba. Bernard Bachrach da wasu sun nuna cewa shaidar kaburbura da rubuce-rubuce ba ta nuna likkafa ta yaɗu a rundunar Martel ba, kuma yaƙe-yaƙen zamanin sun fi dogara ga dakarun ƙasa da kewaye garuruwa. Ƙari a kan haka, Sin ta san likkafa tun ƙarni na 4, ɗaruruwan shekaru kafin Turai, ba ta kuwa haifar mata da irin wannan tsari ba, sannan mutanen Ingila da suka fuskanci Normandawa, mahara daga arewacin Faransa, a yaƙin Hastings a 1066 sun san likkafa sarai, amma suka sauka daga dawakinsu suka yi yaƙi a ƙasa kamar yadda suka saba. Adalci ga White shi ne a ambaci cewa shi kansa ya rubuta cewa sabuwar ƙira ƙofa kawai take buɗewa, ba ta tilasta wa kowa shiga, sai dai masu yayata ra'ayinsa sun fi riƙe rabin farko na maganar.

Daga irin wannan suka aka sami mazhabar da ke nazarin yadda al'umma ke tsara fasaha, wadda Trevor Pinch da Wiebe Bijker suka yi fice a cikinta tun 1984 da misalin keke: mai ƙatuwar ƙafar gaba abin alfahari ne ga samari masu son nuna jarumta, abin tsoro ne ga mata da dattawa, kuma ja-in-ja tsakanin waɗannan rukunai ne ya kai ga keken da aka sani a yau. Wayar tarho ma haka, kamfanonin Amurka sun tallata ta domin kasuwanci, suna ganin hira a kanta ɓarnar layi ce, sai da masu amfani da ita, musamman mata, suka mayar da ita hanyar zumunci kafin kamfanonin suka bi sahu a shekarun 1920. A ganina wannan mazhaba ta fi kusa da daidai, amma tana da iyaka. Da dawakin da Sifaniyawa suka kawo nahiyar Amurka a ƙarni na 16 suka isa hannun Comanche, wata ƙabila ta 'yan asalin Arewacin Amurka, su suka zaɓi yadda za su yi amfani da su, maƙwabtansu kuwa ba su da zaɓin yin kamar babu doki a duniya. Zaɓi yana da faɗi a farkon fasaha, yana ƙuntacewa bayan an zuba jari an kafa dokoki an saba, abin da masanin tarihi Thomas Hughes ya kwatanta da nauyin abin da ya riga ya ɗauki gudu.

Abin da gwajin yawu ke iya faɗa

Gwajin da ake sayarwa ba ya karanta dukkan harufan halitta kusan biliyan 3 da ke jikin mutum, wurare dubu ɗari shida zuwa bakwai yake dubawa, sannan ya ba da amsoshi iri biyu da ƙarfinsu bai zo ɗaya ba. Na farko shi ne dangantaka ta kusa, kuma a nan gwajin abin dogaro ne ƙwarai, domin uba da ɗa, ko 'yan uwa, ko 'ya'yan wa da ƙani, suna tarayya a dogayen yankuna na DNA da ba sa ɓoyuwa. Na biyu shi ne jadawalin nan mai launuka da ke cewa mutum kashi kaza daga yanki kaza yake, kuma wannan ƙiyasi ne da ake samu ta hanyar gwada mutum da rukunin mutanen da ke raye a yau, waɗanda kamfanin ya zaɓa su wakilci kowane yanki. Kamfanin ne ya shata iyakokin yankunan, ya raɗa musu suna, sau da yawa da sunayen ƙasashen da ba su kai shekara 200 da kafuwa ba. Shi ya sa mutum ɗaya kan sami sakamako daban daga kamfanoni biyu, ko ya wayi gari kasonsa ya sauya saboda an sabunta rukunin gwaji, kuma shi ya sa sakamakon mutanen Turai ya fi na sauran nahiyoyi filla-filla, tun da samfurinsu ya fi yawa a rumbun. Aikin da Weatherby ya yi da alƙalami, na yanke wanda ya cancanci zama tushe, shi ake yi a nan da kwamfuta.

Abin da ya shafi mai tura yawunsa da danginsa

Wanda ya yi gwajin ba sirrinsa kaɗai ya bayar ba, ya haɗa da na iyayensa da 'ya'yansa da dangin da bai taɓa gani ba, kuma babu wanda ya nemi izininsu. A watan Afrilun 2018 'yan sandan Kalifoniya suka kama Joseph James DeAngelo, tsohon ɗan sanda da ya aikata kisa da fyaɗe a shekarun 1970 da 1980, bayan sun loda DNA ɗin da aka samu a wurin laifi a GEDmatch, shafin da masu sha'awar nasaba suka gina domin neman dangi, suka bi salsalar danginsa na nesa har suka iso kansa. Masu goyon baya sun ce an yi wa waɗanda aka zalunta adalci bayan shekaru 40, masu adawa sun ce an mayar da kowane mai neman kakansa ɗan leƙen asirin danginsa ba da saninsa ba, kuma matsin lambar masu amfani da shafin ya sa a 2019 aka sauya ƙa'ida ta yadda sai wanda ya amince 'yan sanda za su ga bayanansa. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin 100 na Amurkawa masu tushen Turai ana iya gano wani danginsu a irin waɗannan rumbuna, ko da su kansu ba su taɓa yin gwaji ba. Ga kuma haɗarin sata, kamar kutsen 2023 da ya fallasa bayanan mutane kusan miliyan 6.9 a 23andMe, kuma DNA ba kalmar sirri ba ce da za a sauya bayan an sace.

Ɗaya illar a cikin gida take faruwa. Marubuciya Dani Shapiro ta ba da labari a littafinta Inheritance na 2019 yadda ta yi gwajin cikin raha, ta gano tana da shekara 54 cewa mutumin da ya raine ta ba shi ne mahaifinta na jini ba, domin ta maniyyin wani mai ba da gudummawa aka sami cikinta, a zamanin da likitoci ke yi wa kowa alkawarin rufin asiri. A nan ne kalmomin nan uku suke rabuwa a kan mutum ɗaya, nasabar takarda ta nuna wani, gadon halitta ya nuna wani, kuma na'urar ba ta da ta cewa kan wanda za a kira uba. Wasu ƙasashe sun riga sun taɓa dokokinsu: Biritaniya ta soke ɓoye sunan masu ba da gudummawa daga Afrilun 2005, kuma yaran farko da dokar ta shafa sun cika shekara 18 a ƙarshen 2023, suka sami damar neman sunayen. Waɗanda suka ba da gudummawa kafin 2005 kuwa doka tana nan tana kare sirrinsu a takarda, amma ya isa wani ɗan ƙaninsu ya tura yawunsa a kwalba, sunan iyalin ya bayyana a allon wanda ke nema.